In an taɓa maka ƙafar mota, wuce wajen alaimen

Jama'a, duk wanda aka canza wa shokozoba ko tayarod (ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya), ko aka ɗaga masa mota saboda ramuka, ya je a yi masa alaimen, wato a daidaita zaman tayoyin, kafin ya hau hanyar Kaduna.

Taɓa ƙafar motar yana sauya zaman taya a ƙasa, ko kaɗan ne sai ta fara ci gefe ɗaya.

Gwada a miƙaƙƙen titi kamar na Samaru, sassauta riƙon sitiyari kaɗan. In motar na janka gefe, ko sitiyarin ya karkace alhali kana tafiya sak, to lokaci ya yi. Shafa gefen taya ta ciki ma, in ya fi na waje sulɓi kar ka jira.

Amma fara duba iska wajen mai faci tukuna. Kuma in bushin (robar da ke cikin ƙafar mota) ko boljoyin (mahaɗin da ƙafar ke juyawa a kai) ya mutu, wallahi alaimen ɗin ba zai zauna ba, canza su farko.