Yadda ake kiwon ƙwayar Bt da ƙuli-ƙuli don maganin tsutsar gona

Ita dai Bt, wato Bacillus thuringiensis, ƙwayar bakteriya ce da ke fasa cikin tsutsa idan ta ci ganyen da aka fesa, irin tsutsar wake da ta tumatir da ke wahalar da mu a Kura da Kadawa. Irinta kam sai ka samo daga ɗakin gwaji na jami'a, ka ce nau'in kurstaki kake so, nau'in israelensis na sauro ne. Abincinta na kanti ne ke da tsada, shi za mu haɗa a gida.

Lita ɗaya ta ruwa, giram 15 na garin ƙuli-ƙuli, giram 5 na suga. Ƙulin ya zama mara yaji, wanda aka matse mai sosai. Garin waken suya ma yana yi amma ni ƙuli na fi so. Kar ka ƙara suga wai don ta ƙoshi, tsami ruwan zai yi ta ƙi yin dafin da ke kashe tsutsar. Ka tace, ka zuba a kwalabe, kashi ɗaya cikin biyar na kowace kwalba kawai, ka toshe da auduga.

To wajen dafa kwalaben don kashe sauran ƙwayoyi ne kowa ke faɗuwa, ni ma sau biyu ina zubar da nawa. Tafasawa a tukunyar tuwo ba ta isa ba wallahi, akwai ƙwayoyin da tafasa ba ta kashewa, kana zuba Bt ɗinka su riga ta cinye abincin, kwana biyu ka cire auduga wari ya buge ka kamar kwatami. Dole tukunyar nan mai huci da ake kulle murfinta, ta kai digiri 121, minti 15 zuwa 20, lissafi daga lokacin da ta fara huci. In ba ka da ita ku haɗa kuɗi ku saya, ta hannu ma ta wadatar. Ta huce sarai kafin ka sa iri, kusa da wutar risho, hannu a wanke, kuma ban da surutu a kan kwalba.

Zafin da take so digiri 28 zuwa 30 ne, don haka da bazara sai gindin randa. Girgizawa akai-akai, iska take so. Kwana uku ta nuna.

Gwada a kan 'yan tsutsotsi da ganye tukuna, in sun daina ci sun mutu to ta yi. Feshi da yamma, rana na kashe ta, kuma tun tsutsar tana ƙarama. Kwalbar da ta yi ɗoyi a zubar.