Yadda Ake Hawan Tsaunukan Indiya a Ƙafa Lokacin Damina da Hazo

Daminar monsun, wato babbar daminar Indiya, takan isa gaɓar jihar Kerala da ke kudu maso yammacin ƙasar a wajajen 1 ga Yuni, ta yi ta haurawa arewa har ta game Indiya a farkon Yuli, kuma tsakanin Yuni da Satumba ne ƙasar ke samun kusan kashi uku cikin huɗu na ruwan samanta na shekara. Jerin tsaunukan Ghats na Yamma, mai tsawon kilomita kusan 1,600, shi ke fara tare iskar da ta ɗauko danshi daga Tekun Arabiya, sai iskar ta hau sama, ta yi sanyi, ta juye ruwanta a jikin duwatsun. A lokacin ne tsaunukan ke yin kore shar, mutanen biranen Mumbai da Pune kuma su yi ta tururuwa zuwa Kalsubai, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a jihar Maharashtra da mita 1,646, ko zuwa tsofaffin ganuwoyin Rajmachi da Harishchandragad. Tafiya ce da ta cancanci wahalarta, amma dole mai yin ta ya riƙe abu guda a ransa, wato hanyar da ya hau da safe ba lallai ne ya same ta yadda ya bar ta ba idan ya juyo da yamma.

Shirin yana farawa ne daga zaɓen rana. Hukumar kula da yanayi ta Indiya, IMD, tana fitar da gargaɗi gunduma-gunduma cikin launuka huɗu, kore da rawaya da ruwan lemo da ja, kuma a ma'auninta ruwan da ya kai milimita 64.5 cikin awa 24 ya shiga sahun mai ƙarfi. Idan gargaɗin ruwan lemo ne ko ja, a ɗage tafiyar, domin tsaunin ba ya zuwa ko'ina. Haka kuma kada a tsaya ga hasashen ranar kaɗai, a duba ruwan da aka yi a kwanakin baya, saboda ƙasar da ta ƙoshi da ruwa ita ce ke zaftarewa. Bayan kwanaki ana sheƙa ruwa ne ƙasa ta rufta wa ƙauyen Malin na gundumar Pune ranar 30 ga Yuli, 2014, mutum 151 suka rasu, haka kuma ta faru a Irshalwadi ranar 19 ga Yuli, 2023, a gindin dutsen Irshalgad da masu hawa suka saba zuwa. A kan hanya, idan ka ga ƙorama ta rikiɗe ta zama jan laka kwatsam, ko ruwanta ya janye alhali ana tsaka da ruwa, ko tsakuwa na gangarowa, ko ƙasa ta tsage bishiyoyi sun karkata, to ka bar wurin ta gefe, kada ka bi gangaren.

Game da sutura, gaskiyar magana ita ce za ka jiƙe, ko da ruwan sama ko da gumin da rigar ruwa ke tarawa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kaya busassu guda ɗaya da aka ƙulle cikin leda a ƙasan jakar goyo, ba a taɓa su sai an tsaya. A guji auduga, domin tana shan ruwa ta manne a jiki, a sa yadin roba mai saurin bushewa ko ulu mara kauri. Mutane da yawa suna raina sanyi saboda sun taso daga gari mai zafi, alhali zafin iska na raguwa da kusan digiri 6.5 na ma'aunin Celsius a kowace mita 1,000 da aka haura, ruwa kuma yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska kusan sau 25. Wanda ya fara makyarkyata ba ƙaƙƙautawa, harshensa na sarƙewa, yana yawan tuntuɓe, sanyi ne ya ci ƙarfinsa, sai a samu mafaka daga iska, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a sa masa busassu, a ba shi abin sha mai ɗumi da sukari.

Duwatsun Maharashtra baƙin dutse ne na aman wuta, kuma da zarar gansakuka ta lulluɓe su sai su yi santsi kamar an shafa musu sabulu. Takalmi mai tafin roba da zurfin zane ya fi mai hana ruwa shiga amfani, tunda ruwan zai shiga ta sama ko ta yaya. A riƙa gajeren taku, ana ɗora tafin ƙafa gaba ɗaya, da sanda a hannu, a wuri mai tsananin gangara kuma a sauko ana fuskantar dutsen.

Ƙetare ruwa shi ne inda ya kamata a fi yin taka-tsantsan. Tun wajen hawa ka ƙirga ƙoramun da ka tsallaka, domin kowace ɗaya tana jiranka a dawowa, kuma wadda ta tsaya maka a idon sawu da hantsi tana iya kaiwa ƙugu da la'asar saboda ruwan da aka yi can sama inda ba ka gani. Ruwa mai gudu da zurfin santimita 15 kacal yana iya kayar da babban mutum. Ranar 30 ga Yuni, 2024, mutum biyar 'yan gida ɗaya ruwa ya tafi da su a wata magangara kusa da madatsar Bhushi a garin Lonavala na jihar Maharashtra, bayan ya ƙaru a kansu suna tsakiyarsa. Idan ruwan ya wuce gwiwa, ko ka ji ƙarar duwatsu na birgima a ƙarƙashinsa, kada ka shiga. Ƙoramar tsauni yadda take saurin cika haka take saurin janyewa, saboda haka jiran awa ɗaya ko biyu bayan ruwa ya ɗauke yakan wadatar. In an ga za a iya ƙetarewa, a nemi inda ruwan ya yi faɗi ya miƙe, ba kan kwana ba, ba kuma saman magangara ba. A kwance maɗaurin ƙugu na jaka don a iya yar da ita idan an faɗi, a bar takalmi a ƙafa, a fuskanci inda ruwan ke fitowa, a kafa sanda, sannan a riƙa matsar da ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Kada kowa ya ɗaura igiya a ƙugunsa, domin idan ya faɗi igiyar ce za ta danne shi a ƙarƙashin ruwa.

Hazon waɗannan wurare girgije ne da kansa ya sauka a kan tsauni, kuma cikin 'yan mintoci yana iya mayar da ganin mutum zuwa taku goma. Haɗarinsa ya fi yawa a saman tsaunuka masu shimfiɗa, inda fili mai ciyawa ke ƙarewa ba zato a bakin rami mai zurfin ɗaruruwan mita, irin na Konkan Kada a Harishchandragad. Wanda ba ya hango wata alama yakan karkace ba tare da ya sani ba, ga kuma turbobin shanu da ke kama da hanya. Don haka a sauke taswirar wurin a waya tun daga gida, tunda GPS na aiki ko babu sabis, amma a haɗa da kamfas da taswirar takarda cikin leda, saboda jiƙaƙƙen gilashin waya ba ya jin yatsa. Ayari ya matse yadda kowa zai riƙa ganin na gabansa da na bayansa, gogagge ya tsaya a ƙarshe, a kuma ƙirga mutane a duk inda hanya ta rabu.

Idan duk da haka hanya ta ɓace, a tsaya nan take, a koma alama ta ƙarshe da aka tabbatar da ita. Shawarar nan ta bin ruwa har ya kai mutum gari ba ta da wurin zama a nan, domin ƙoramun waɗannan tsaunuka a bakin magangara suke ƙarewa. In komawar ba ta yiwu ba, a zauna wuri ɗaya nesa da bakin rami, a riƙa busa usur sau uku a jere, a kira 112, lambar gaggawa ta Indiya. A ganina babu kuɗin da ya fi amfani a duk tafiyar kamar na ɗan jagora daga ƙauyen gindin tsaunin, wanda ya san ƙoramar da ke fara cika.

Tsawa ta fi yawa a farkon damina da ƙarshenta. Ƙara na cin kilomita ɗaya cikin kusan daƙiƙa uku, don haka idan tazarar walƙiya da tsawa ba ta kai daƙiƙa 30 ba, a sauka daga ƙololuwa, a nisanci tsanin ƙarfe irin na Kalsubai da bishiyar da ke tsaye ita kaɗai. Matsattsaku kuwa sun fi ban ƙyama fiye da cutarwa. Doguwar safa da aka cusa wando a ciki tana rage su, wanda ya kama kuma a zare shi da farce daga wajen bakinsa, a wanke wurin a danne har jinin ya tsaya. A duba reshe ko dutse kafin a dafa, domin macizai masu dafi na fitowa a wannan lokaci.

Kafin a tashi a yanke lokacin juyowa, a faɗa wa wani a gida hanyar da za a bi da lokacin da ake sa ran dawowa, kuma idan lokacin ya yi a juyo ko da ƙololuwa na kusa, domin saukowa a kan santsi ta fi hawa cin lokaci, duhu kuma na saurin shiga ƙarƙashin girgije. Kowa ya riƙe tocilarsa ko da tafiyar yini ce. Bayan an dawo a wanke duk wani rauni da sabulu, kuma wanda zazzaɓi da ciwon jiki suka kama cikin makonni huɗu ya gaya wa likita cewa ya shiga ruwan damina da laka, domin cutar leptospirosis, wadda ake ɗauka daga ruwan da fitsarin ɓera ko na dabbobi ya gurɓata, tana jin magani idan an fara shi da wuri.