Yadda na hana murafan akirilik tsagewa

Murafan akirilik (wata roba mai kama da gilashi) da muke fitarwa daga mazubi suna tsattsagewa da zarar an goge su da sifirit. Na canza kayan zubi, na busar da ƙwayoyin robar, duk a banza.

Ashe saurin hucewa ne: wajen robar yakan sandare kafin cikinta, sai ta zauna a ɗame, shi ya sa take tsagewa idan sifirit ya taɓa ta.

Don robar ta saki, na jera murafan kwance a tanda mai fanka, digiri 80 na Salshiyas, awa ɗaya ga kowace milimita ta kauri. Sannan na riƙa rage digiri 15 duk awa har zuwa 50, ƙofa a rufe. Gaggawa a nan ce ke ɓata aikin.

Alhamdulillahi, na sake gogewa da sifirit, babu tsaga.