Yadda ake magance cin alminiyam a injin dizal na jirgin ruwa mai filafilai

Bakaniken da ya saba da mota, in aka ce tsatsa, ja yake nema. Alminiyam kuwa ba ya yin ja. Farin gari yake fitarwa, fenti ya yi bororo, in ka kankare ka tarar da ƙananan ramuka. A injinan dizal da ake sa wa jiragen ruwa masu tafiya da iska, irin su Yanmar da Volvo Penta, sassa da dama na alminiyam ne: gidan giyar inji, jikin altaneto, sau da yawa har da tukunyar sanyaya ruwa wadda ke matsayin lagireto, sai ƙafar farfela, wato ƙarfen da ke saukowa ƙarƙashin jirgi yana riƙe da farfela, a jiragen da ke da ita.

Abu biyu ne ke haɗuwa su ci shi, ruwan gishiri da baƙon ƙarfe. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kamar giram 35 a kowace lita, na Bahar Maliya wajen Port Sudan ma ya fi haka. Idan alminiyam ya taɓa tagulla ko ƙarfen silba marar tsatsa, ruwan gishiri ya jiƙa su tare, sun zama ɗan ƙaramin batir ke nan, kuma alminiyam ne ke narkewa. Saboda haka wanda ya goge garin ya shafa fenti bai yi komai ba tukuna.

Da farko ka bar inji ya huce, ka kashe makunnin batir. Ka wanke wurin da ruwan daɗi, ka busar da shi sarai. Sannan ka tayar da inji, ka bi bakin kowane tiyo da busasshiyar takarda. Ka fi zuba ido a kan famfon ruwan teku. Yana da 'yar kafa a ƙasansa, in robar ciki ta gaji, ta nan ruwa ke ɗiga, ɗigo ɗaya bayan ɗaya, a kan duk abin da ke ƙasa. Murafen tukunyar sanyaya ruwa su ma suna yoyo idan zoben robarsu ya bushe. Farin layin gishiri da ya gangaro a jikin inji zai kai ka har inda ruwan ke fitowa. Kafin ka kwance komai, ka rufe bawul ɗin da ke shigo da ruwan teku, don yawancin injinan nan a ƙasa da fuskar ruwa suke zaune.

Kwance noti shi ne inda ake yawan yin asara. Farin garin nan ya fi alminiyam ɗin da ya fito daga cikinsa cin wuri, sai ya cika zaren ya kama notin silba gam. Ka zuba man sassauta noti ka bar shi ya kwana. Kashegari ka ɗumama alminiyam ɗin da ke kewaye da notin da bindigar iska mai zafi, ba da harshen wuta ba, tunda akwai mai da tiyo a kusa. Alminiyam ya fi ƙarfe buɗewa in ya ji zafi, shi ya sa dabarar ke ci. Ka ɗan bubbuga kan notin, ka sa sifana daidai da shi, ka juya kaɗan gaba, kaɗan baya. Gaggawa a nan ba ta haifar da komai sai guntun noti a cikin rami. In zaren ya lalace, ana sa masa sabon zare na Helicoil.

Wajen gogewa, ka yi amfani da buroshin roba mai tauri ko samfefa. Kada ka kusanto da buroshin baƙin ƙarfe ko na tagulla, domin ɓurɓushinsu na maƙalewa a jikin alminiyam ya buɗe sabon ci. Soda ta haɗa sabulu da asid mai ƙarfi duk cinye shi suke yi. Duk wadda ta taɓa barin ruwan kanwa a tukunyar alminiyam ta san yadda yake dusar da ita.

Yanzu ka duba da kyau. Ramukan da ke jikin waje, in ba su da zurfi, a cike su da gam ɗin ifoksi na ƙarfe. Amma in cin ya kai inda zoben roba ko gasket ke zama, a tukunyar da ruwan teku da ruwan inji ke wucewa gefe da gefe, ni dai shawarata a sauya ta. Faci a wurin nan yana iya sakin ruwan gishiri cikin inji ana tsakiyar teku.

Fenti kuma a yi shi ranar da aka goge: share fage na musamman na alminiyam, sannan fentin inji a kai. Ƙafar farfela ba a shafa mata fentin ƙasan jirgi mai tagulla a ciki.

Da za ka mayar da notuna, ka shafa wa zarensu Tef-Gel ko Duralac don su raba silba da alminiyam. Ka sa sababbin zobban roba, ka ɗaure daidai ƙima. Ruwan sanyaya inji na ciki shi ma yana tsufa, maganin hana ci da ke cikinsa ya ƙare. A sauya shi kamar duk shekara 2, ko yadda littafin injin ya ce, a gauraya rabi da rabi da tataccen ruwa, ba ruwan rijiya ba.

Sai anod, guntun ƙarfen da ake ɗaurawa don ruwa ya ci shi a maimakon inji. A teku ana sa na zinki ko na alminiyam na musamman. A ruwan da ya gauraya da na kogi, kamar tafkin Legas, na alminiyam ya fi aiki. Na maganiziyam na ruwan daɗi ne kaɗai. Ba a yi masa fenti, kuma dole ya taɓa ƙarfe tsirara. In rabinsa ya tafi, a sauya. In kuwa ya shekara fes kamar sabo, kada ka yi murna, alama ce ba ya haɗe da abin da aka sa shi ya kare.

Idan anod na ƙarewa cikin 'yan makonni, matsalar ta wuta ce. Ka bi wayoyin batir da na famfon kwashe ruwa, ka nemo wadda ta saɓule tana kwance cikin ruwan ƙasan jirgi. Jirgin da ke jona wutar tasha kuma yana buƙatar na'urar da ke tare irin wannan ƙaramar wuta a wayar ƙasa, in ba haka ba anod ɗinka zai riƙa kare jirgin maƙwabcinka. Daga nan, duk lokacin da ka duba bakin mai, ka haska tocila ƙarƙashin famfon ruwan teku.