Yadda ake cire tabon manja daga farar shadda

Da miya ta ɗiga a riga, abin da yawancin mutane ke fara yi shi ne su jiƙa hankici su hau dirza. A gabana ƙanwata ta yi haka ranar Sallah, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake ya koma faɗin tafin hannu. Ruwa ba ya ɗaukar mai, tura shi yake yi cikin zare.

Don haka kada ki jiƙa, kada ki dirza. Sa bakin cokali ki kwashe na sama, sannan ki barbaɗa garin sitaci ko farar hoda har ya rufe wurin. Ki bar shi minti 20 ya tsotse man, ki kakkaɓe.

Sai ki shimfiɗa tsohon farin tsumma a ƙarƙashi, ki ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke a kan busasshen yadin. Ni Morning Fresh nake sawa, cokalin shayi ɗaya ya isa, ba sai kin sayi wani magani mai tsada ba. Ki shafa da yatsa daga gefe zuwa tsakiya, ki jira minti 15, ki ɗauraye da ruwa mai ɗumi. Kananzir kuwa ban yarda da shi ba, shi ma yana barin shatinsa, ga wari.

Nan ne na taɓa yin asara. Jiƙaƙƙen yadi yana ɓoye tabo. Na wanke babbar rigar maigida, na ga ta yi fes, na shanya a inuwa, da yamma na ɗora mata dutsen guga. Zafin ya kama sauran man, ya bar rawaya a ƙirji da har yau ba ta fita ba. Ki shanya a rana tsaka, wurin tabon yana sama, domin jan manja sinadari ne irin na karas, kuma rana tana kashe shi. Idan ta bushe ƙayau, ki ɗaga ta ga haske ki duba. In akwai ko alama ce, ki maimaita sabulun, ki sake shanyawa. Kada a goge, kada a kai wa mabuga, sai ya fita sarai.

Hypo na farin auduga ne kawai, shi ma a tsarma shi da ruwa sosai. Mai launi kuma kada ta daɗe a rana, tana koɗewa.