Na'urar auna yanayi ta waje ta daina turo bayani? Ga yadda nake bin matsalar wutarta

Kafin ka ɗauko tsani, zauna gaban allon da ke cikin ɗaki, wanda ke nuna bayanan da na'urar ke turowa, ka duba tarihin bayanan. Abin da nake fara nema shi ne lokacin da lambobin suke ɓacewa. Idan da rana komai lafiya, sai tsakar dare ko gab da asuba zafi da gudun iska su ɓace, bayan hantsi kuma su dawo da kansu, to kusan kullum batir ne. A na'urori da yawa, da rana farantin sola ke riƙe da na'urar, yana kuma cika wani ɗan kafasito da ke ciki, wato ƙaramin ma'ajin wuta. Dare na yin nisa kafasiton zai ƙare, nauyi ya koma kan batir, shi kuwa ko ya mutu ko bai taɓa ƙarfensa sosai ba. In kuwa yankewar ba ta da lokaci, dare da rana duk ɗaya, fara zargin sigina: nisa, katangar siminti, ko rufin kwano da ke tsakani.

Sai ka san irin taka, domin aikin solar ba ɗaya ba ne. A Davis Vantage Pro2 sola na cika kafasito, batirin CR123A mai 3V yana jiran ko ta kwana. A AcuRite mai auna abu biyar kuwa, solar fanka kawai take juyawa, batura AA guda 4 ne ke ɗauke da sauran aikin. Mai irin wannan ko rana ta kwana a kan farantinsa, batir na mutuwa shi ke nan.

Sauko da na'urar, ka buɗe gidan batir a wuri mai haske. Nan ya kamata ka daɗe. Farin gari mai kama da gishiri a kan sifirin alama ce batirin alkalin ya yi yoyo. Kada ka taɓa shi da hannu, yana cin fata. Tsoma tsinken auduga a ruwan lemun tsami ka shafa, za ka ga yana ɗan kumfa. Goge da busasshen ƙyalle, ka bi da samfefa mai laushi har ƙarfen ya yi ƙyalli. Sifirin da ya kwanta ka ɗan ja shi ya miƙe, domin iska mai ƙarfi tana girgiza sandar da na'urar ke kai, batir ya saki na ɗan lokaci, na'urar ta mutu ta sake tashi. Duba zoben robar murfin ma. In ya tsage ko ya bushe, raɓa da ruwan sama suna shiga ta nan, tururuwa da gizo-gizo su biyo baya. Ɗan giris na silikon a kansa yana taimakawa ƙwarai.

Yanzu ɗauko mitar auna ƙarfin batir. Sabon alkalin yakan nuna kusan 1.6V, wanda ya sauko zuwa 1.2V ya gama aiki a irin wannan na'ura. Amma mita na iya ruɗarka: batirin da ya gaji yakan nuna lamba mai kyau yana zaune, sai ya faɗi daidai lokacin da na'urar ke tura sigina. Shi ya sa na fi son aunawa yana cikin gidansa, na'urar na aiki. Kuma a canza su gaba ɗaya, kamfani ɗaya, kada a haɗa tsoho da sabo.

Ni litiyam AA marar caji nake sakawa a waje, duk da tsadarsa. Yana jure sanyi har zuwa digiri 40 ƙasa da sifili, yana jure zafin rana, kuma ba kasafai yake yoyo ba. Masu caji na NiMH 1.2V suke bayarwa, saboda haka na'urori da yawa za su yi ta nuna alamar batir ya yi ƙasa alhali yanzu aka cire su daga caji. Hattara da abu ɗaya: wasu tsofaffin na'urori suna cajin batirinsu daga sola, kuma saka musu marar caji haɗari ne. Karanta littafin da ya zo da taka.

Farantin sola kuwa, jiƙaƙƙen ƙyalle ya ishe shi. Ƙura da kashin tsuntsu suna rage masa ƙarfi, haka reshen bishiyar da ya girma ya fara yi masa inuwa. A arewacin duniya kudu ake fuskantar da shi.

Kafin ka mayar, cire baturan, ka rufe farantin da baƙin ƙyalle na ɗan lokaci don wutar da ke cikin kafasiton ta ƙare, sannan ka saka su, ka danna maɓallin sake farawa in akwai. Ajiye na'urar kusa da allon ka kalli ɗan fitilarta: a yawancin irin Ambient Weather da Ecowitt tana ƙyaftawa duk bayan daƙiƙa 16. Bar ta ta kwana a ƙasa farantin na rufe. In da safe bayanan dare sun cika babu giɓi, batir da ƙarafansa sun gyaru, sai ka hau da ita. In sababbin batura suna ƙarewa cikin 'yan makonni, to ko kafasiton ya lalace ko danshi ya kai ga allon lantarkin ciki. Kafasito ana iya cire shi a dasa sabo da dalma in kana da hannu a aikin. Allon da ya yi tsatsa kore kuwa sai dai a sauya shi.