Ƙwallon yara a Amurka aikin iyaye ne

Idan kun iso Amurka da yara 'yan firamare, ba za a daɗe ba ɗaya daga cikinsu zai dawo daga makaranta yana cewa abokansa duk suna buga ƙwallo ranar Asabar, shi ma yana so. A gida wannan ba abin da zai dami uba ba ne. Yaro ya yi sallar la'asar ya fice fili, a kafa duwatsu biyu a matsayin raga, ba za a sake ganinsa ba sai an kira magariba. A yawancin unguwannin nan babu wannan. Sai an yi rajista, an biya kuɗi, an cike fom, sannan wani babba ya ɗauki yaron a mota ya kai shi, ya kuma tsaya har a tashi.

Babbar kakar wasan yara ita ce ta lokacin kaka, sa'ad da zafi ya fara sauka, ganyen itatuwa ya soma ja yana zuba. Ana farawa a ƙarshen Agusta ko bayan hutun ranar ma'aikata, wato Litinin ta farko a Satumba, a ƙare kafin bikin godiya na ƙarshen Nuwamba. Amma rajista tun watan Mayu ko Yuni ake buɗe ta, kuma a nan sababbin zuwa suka fi makara. Wanda ya jira sai an koma makaranta, sau da yawa jerin masu jira zai tarar. Ko da hakan ta faru kada ku fasa, ku rubuta wa masu shirya gasar, domin ana samun gurbi idan wani ya janye.

Ƙungiyoyin iri biyu ne. Akwai ƙwallon nishaɗi na unguwa, wanda sashen wuraren shaƙatawa na hukumar gari, ko YMCA (wata ƙungiyar matasa mai shirya wasanni), ko AYSO (wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta yara) ke shiryawa. Ba a tantance gwani, duk yaron da aka yi wa rajista ya shiga. Ita AYSO an kafa ta a Kalifoniya a 1964, kuma dokarta ita ce kowane yaro sai ya buga aƙalla rabin wasa, ko ya iya ko bai iya ba. Sai kuma kulob-kulob masu tafiya gari-gari, waɗanda ke gwada yara kafin su ɗauka, suna da koci mai albashi, kuɗinsu kuma yana kai dubban daloli a shekara idan aka haɗa da mai da otal. Shawarata ga wanda bai gama zama ba: ku fara da na unguwa. Za a zo a ce muku yaronku gwani ne, ya kamata ya wuce kulob. Ku yi godiya, ku bari sai kun san kan aikinku da kan kuɗinku. Idan ma kuɗin na unguwa ya yi nauyi, ku tambayi ko akwai rangwame ga masu ƙaramin ƙarfi. Yawancinsu suna da shi, kuma neman sa ba abin kunya ba ne a nan.

Kayan wasa ba su da yawa. Ƙungiya ce ke ba da riga. Ku kuma takalmin ƙwallo, da doguwar safa, da abin kare ƙwauri wanda ba a barin yaro ya shiga fili ba tare da shi ba, da gorar ruwa, da ƙwallo daidai shekarunsa: lamba 3 ga 'yan ƙasa da shekara 8, lamba 4 har zuwa 12, lamba 5 daga nan sama. Abin da na fi so iyaye mata su ji shi ne maganar ɗan kunne. 'Ya'yanmu mata tun suna jarirai ake huda musu kunne, wata ma ba ta taɓa sanin ana cire shi ba. Kafin a take wasa alƙali yakan jera yara ya duba takalmi da ƙwauri da kunne, kuma ba ya yarda ko da an rufe ɗan kunnen da filasta. Na ga yarinya tsaye a bakin layi tana hawaye, uwa na kokawa da maƙallin zinaren da ya cije, an riga an busa usur. A cire shi tun a gida, da awarwaro da sarƙa. Hijabi kuwa ba matsala ba ne. Tun 2014 dokokin ƙwallon ƙafa na duniya suka halatta rufe kai, in dai babu fil ko wani abu mai kaifi. Dogon wando mai laushi a ƙarƙashin gajeren wando ma kowa na sawa idan sanyi ya shigo. Ku bar 'yan matan su buga. A ƙasar nan ƙwallon mata ba baƙon abu ba ne, sau huɗu Amurka ta ɗauki kofin duniya na mata.

Wahalar tana cikin tsarin mako. Kowane yaro na da atisaye sau ɗaya ko biyu da yamma, sai wasa ranar Asabar. Mai yara uku zai iya samun kansa da wasa ƙarfe 8 na safe a wannan fili, wani ƙarfe 9 da rabi a can wani gefen gari, ga Islamiyyar ƙarshen mako, ga cefane, ga miji ko mata da ya kwana a wurin aiki. Idan jadawali ya fito, ku zauna ku biyu ku rubuta shi gaba ɗaya a kalanda. Ku je wurin malamin Islamiyya tun da wuri ku nuna masa, ku ga ko za a mayar da yaron ajin Lahadi na 'yan makonnin nan. Sannan ku nemi iyali ɗaya a cikin tawagar da za ku riƙa karɓa-karɓa wajen kai yara da ɗauko su, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai a tuna, a jihohi da yawa yaron da bai kai shekara 8 ba dole ne ya zauna a kujerar yara a mota, ko ɗan wa ne.

Rana ma tana gudu a wannan lokaci. A birnin New York magariba tana kai ƙarfe 7 da wani abu a farkon Satumba, ta dawo wajen 6 a ƙarshen Oktoba, idan aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, kamar yadda ake yi duk shekara ranar Lahadi ta farko a Nuwamba, kuma ta faɗo ƙasa da ƙarfe 5. Ke nan sallah za ta riske ku a fili. Ku fito da alwala, ku bar darduma a but ɗin mota, tare da kujerar naɗewa da bargo don safiyar Asabar mai raɓa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kocin da za ku gani da usur a wuya a ƙwallon unguwa ba ma'aikaci ba ne. Uban wani yaro ne ko uwarsa, daga aiki ya taso, kuma ko sisi ba a biyansa. Da yawansu ba su taɓa buga ƙwallon ƙafa ba, a intanet suka koyi abin da za su yi yau. Duk shekara, kafin a fara, sai an aiko da imel cewa tawaga kaza ba ta da koci, in ba a samu ba za a rushe ta. Mu kuma da muka tashi da tamaula a ƙafa, muka san Garba Lawal da Tijjani Babangida da suka ciyo zinaren Olamfik a wannan ƙasa a 1996, sai mu tsaya a bakin fili muna tsaki ana koya wa yara ba daidai ba. Ɗan'uwa, amsa wannan imel ɗin. In kana jin nauyin Turancinka, fara da mataimakin koci. Yara 'yan shekara 6 ba lacca suke nema ba, nuna musu da ƙafa sun gane. Ba na jin akwai wata hanya da ta fi wannan saurin sa maƙwabta su san sunanka, su san kai uban wane ne, har su riƙa tsayawa ku gaisa a kanti.

Kafin a ba ka yara sai an binciki tarihinka ko kana da laifi, kuma kada ka ɗauke shi raini, kowa ake yi wa. Za ka yi kwas na SafeSport kan kare yara daga cin zarafi, da wani gajere kan gane alamun buguwar kai, duk a intanet. Daga nan akwai ƙa'idojin da ba mu saba da su ba. Ba a keɓewa da ɗan wani, ko a mota ko a saƙon waya, sai da wani babba. Ƙanana suna buga huɗu-huɗu ba mai tsaron gida, 'yan 9 da 10 bakwai-bakwai, 'yan 11 da 12 tara-tara, sai daga baya a kai sha ɗaya. Tun 2015 hukumar ƙwallon ƙafa ta Amurka ta hana yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa wa ƙwallo kai, a atisaye da a wasa.

A atisaye kada ka jera su a layi suna jiran ƙwallo ɗaya, kada ka sa su zagayen fili. Kowa da ƙwallonsa, ɗan wasan kora da ƙwace, a sha ruwa, a ƙare da buga wasa. Ranar Asabar ka rubuta canjin 'yan wasa a takarda tun daga gida, domin idan wasa ya yi zafi zuciya za ta so barin gwanaye a ciki. Yaron nan da ke tsugune yana tsinkar ciyawa ƙwallo na wucewa ta gabansa, shi ma iyayensa sun biya, kuma shi ne ya fi bukatarka. Ɗanka kuwa kada ka fifita shi, kada kuma ka fi tsananta masa don a ce kana da adalci.

Sai maganar murya da hannu, wadda ta shafi koci da 'yan kallo duka. Alƙalin wasan ƙanana sau da yawa matashi ne ɗan sakandare, kuma daka masa tsawa na iya sa a fitar da kai daga fili. Dungure wa yaro kai ko marinsa don ya zubar da ƙwallo, ko da naka ne, abu ne mai girma a nan. Dokar tarayya ta 2018 ta wajabta wa manyan da ke kula da yara 'yan wasa su kai rahoton duk abin da suke zargin cin zarafi ne cikin awa 24. Ka yi tafi, ka kira sunansa, gyara kuma a bari sai an koma gida hankali ya kwanta.

Za a raba wa iyaye ranakun kawo abin taɓawa. Yankakken lemo don hutun rabin lokaci ya wadatar, da ɗan biskit na bayan wasa. A guji gyaɗa da duk abin da aka yi da ita, ƙuli-ƙuli ma, domin akwai yaran da take iya kai wa asibiti. Ku ma ku faɗi naku tun farko: alewar nan mai danƙo sau da yawa da sinadarin alade ake yin ta, haka naman da aka fi ɗorawa a kan fiza a walimar rufe kaka. Da zarar kun gaya wa mai tsara abincin, za a sayo mai cuku zalla. A wurin walimar nan ne kuma ya kamata ku tambayi ranar buɗe rajistar wasannin bazara, domin wasu garuruwan tun cikin hunturu suke buɗe ta.